Dirar kyanwa: abin da ya faru a kan soronmu a Gummi

Da niyyarmu a wannan mako ita ce mu yi magana a kan yadda ake tsara lokacin bita kafin jarrabawa, to amma wani abu ya faru a gidanmu da ya sa muka ɗage wancan batu zuwa wani jiƙon.

Kwana biyu da isowarmu Gummi hutu daga Sakkwato, muna kishingiɗe a zaure bayan la'asar, sai muka ji ihun yara daga cikin gida, irin ihun da ake yi idan an jefa ƙwallo a raga. Da muka leƙa sai ga ƙanenmu, wanda yake aji 2 a ƙaramar sakandare, a kan soro tare da abokansa biyu. Sun hau ta tsanin da Inna ke hawa idan za ta yi shanya. A hannunsa kuwa kyanwar gidanmu ce, wadda mu a nan muke kira mussa. Ya haɗa ƙafafunta huɗu ya riƙe, bayanta na kallon ƙasa. Kafin mu buɗe baki har ya sake ta.

Ta juya a iska, ta dira da ƙafafunta, kamar dai yadda kowa ya san kyanwa na yi. Ashe wannan shi ne jifa na uku, don duk sanda ta gudu sai su yaudare ta da kan kifi su sake kamawa. A karon farko da na biyu a kan rairayin tsakar gida ta sauka. A na ukun sai ta sauka a gefen turmin da aka kife kusa da madafa. Ta miƙe, ta yi taku biyu tana ɗage ƙafar gaba ta hagu, jini na ɗiga daga haɓarta, sannan ta shige ƙarƙashin rumbu. Nan take ihu ya mutu.

Kaka ce ta fara fitowa daga ɗakinta, carbi a hannu.

"Ku ɗiyan ga, mi mussa tay yi muku?"

Ƙanen namu ya sauko jiki a sanyaye. "Gardama munka yi, Kaka. Wanga yac ce aljana ta, ko daga bisa kuka anka jefo ta ba ta jin ciwo. Ni ko nic ce a gwada a gani."

Mun yi masa faɗa, amma ba da cikakken baki ba, domin mu ma muna kamar shekarunsa mun taɓa yin irin wannan aika-aika daga kan katanga, sa'a kawai muka ci. Kuma in za a faɗi gaskiya, hanyar da yaran suka bi ce ba ta da kyau, amma tambayar da ke ransu tambaya ce ta masu hankali. Yaya aka yi dabbar da aka saki a rigingine, babu abin da take takawa, babu abin da take dafawa, ta iya juya kanta kafin ta iso ƙasa? Manyan masana sun shafe fiye da shekara 100 suna kai-kawo a kan wannan tambaya.

Kafin mu ga amsar, bari mu fara ganin abin da ya sa tambayar take da wuya. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar shagon aski, irin mai juyawar nan, zai iya gwadawa. Ka zauna, ka ɗage ƙafafunka daga ƙasa, kada ka taɓa bango ko teburi, sannan ka yi ƙoƙarin juyawa ka kalli bayanka. Idan ka murɗa kafaɗunka dama, kujerar da ƙugunka sai su tafi hagu. Idan ka dawo da kafaɗun, kujerar ma sai ta dawo inda take. Ka yi ta fama, kana nan inda kake. Wannan wata doka ce da muke karantawa a darasin Fiziks: abin da ba ya juyawa ba zai samu juyi haka kawai ba sai wani abu daga waje ya tura shi. Idan wani sashe nasa ya juya ta nan, dole wani sashen ya juya ta can, yadda in an haɗa lissafin biyu za a tashi babu komai. To kyanwar da aka saki a iska tana cikin halin mai zaune a kujerar askin nan ne. A bisa wannan doka, kamar bai kamata ta iya juyawa ba. Ga shi kuma kullum tana juyawa.

James Clerk Maxwell, masanin da ya tsara lissafin dangantakar lantarki da maganaɗisu, yana cikin waɗanda abin ya dama tun yana Jami'ar Kambirij a Ingila a shekarun 1850. Har labari ya bazu a kwalejinsu cewa jefo kyanwoyi yake yi ta taga. Daga baya a wata wasiƙa da ya rubuta wa matarsa ya musanta hakan, ya ce shi abin da yake nema shi ne saurin juyawar, kuma a kan gado ko teburi yake sakin kyanwar daga tsayin da bai wuce inci 2 ba. Da muka ba ƙanenmu wannan labari sai ya sunkuyar da kai. Amma Maxwell bai warware matsalar ba, saboda idon mutum ba ya iya bin abin da ke faruwa cikin ƙiftawa.

Sai a shekarar 1894 wani likita Bafaranshe mai suna Étienne-Jules Marey ya yi amfani da wata na'urar ɗaukar hoto da ya ƙera, mai ɗaukar hotuna da yawa a jere cikin sakan ɗaya, ya ɗauki kyanwa tana faɗowa. Ya kai hotunan gaban Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa a birnin Faris. Wasu daga cikin manyan masanan da ke zauren ba su yarda ba, suka ce ai kyanwar ta tokari hannun wanda ya sake ta ne, daga nan ta samu juyin. Hotunan kuwa sun nuna akasin haka: a farkon faɗowar ba ta juyawa ko kaɗan, sai da ta rabu da hannun sannan ta fara. Ke nan ba ta karya dokar ba, wata hanya ta bi da masanan ba su lura da ita ba. Kuskurensu shi ne sun ɗauki kyanwa kamar bulo ko gungumen itace, abin da siffarsa ba ta canzawa. Ita kuwa jikinta lanƙwashewa yake yi, ta miƙe nan ta dunƙule can.

Ga yadda abin yake. Da farko sai ta san ina ne sama, ina ne ƙasa. Wannan aikin ido ne da kuma can cikin kunne. A cikin kunnen kyanwa, da namu ma, akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, da wasu 'yan jakunkuna masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi da ido ba ya gani. Duk sanda kai ya karkata ko ya juya, ruwan da tsakuwoyin sai su motsa, jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Wannan ruwa ne ke sa yaro jiri idan ya yi wasan hajijiya ya tsaya: jikinsa ya tsaya amma ruwan bai gama tsayawa ba. An gwada an ga kyanwar da aka rufe wa ido tana juyawa daidai muddin cikin kunnenta lafiya yake. A shekarun 1950 kuma likitocin rundunar sojan saman Amurka sun ɗauki kyanwoyi a jirgin sama, matuƙi ya yi irin tuƙin da ke sa nauyin jiki ya ɓace na wasu sakanni. A wannan hali kyanwoyin rikicewa suka yi, suna ta wutsil-wutsil a iska ba su san inda za su fuskanta ba.

Da ta gane inda ƙasa take, sai ta raba jikinta gida biyu, gaba da baya, ta yi dabarar da Marey ya gani a hotunansa. Takan janye ƙafafun gaba ta manna su a ƙirji, ta miƙe na baya zaƙo-zaƙo. Abin da ya dunƙule ya fi sauƙin juyawa a kan abin da ya baje, don haka idan ta murɗa tsakiyarta, rabin gaba sai ya juya da yawa, rabin baya kuwa ya juya kaɗan ta ɗaya ɓangaren. Daga nan sai ta sauya: ta miƙe ƙafafun gaba, ta janye na baya, ta sake murɗawa. Yanzu rabin baya ne zai juya da yawa ya tarar da na gaba, na gaban kuwa ya ɗan koma baya kaɗan. A kowane mataki lissafin ya tashi daidai, juyin nan ya biya juyin can, amma a ƙarshe cikinta da ke kallon sama ya koma kallon ƙasa.

Wannan ma ana iya gwada shi a kujerar askin. Riƙe gorar ruwa cikakkiya a kowane hannu. Miƙe hannayenka gaba, ka kai su dama. Kujerar za ta tafi hagu sosai. Sai ka janyo gorunan zuwa ƙirjinka, ka dawo da su tsakiya a dunƙule. Kujerar za ta dawo, amma kaɗan. Ka ci ribar bambancin ke nan. Idan ka maimaita sau da yawa za ka zagaye shagon da idonka ba tare da ka taɓa komai ba. Mun kai ƙanenmu wajen mai askin unguwarmu ya gwada, kuma sai da mai askin ya kore mu saboda masu jiran layi sun fara ƙorafi.

Akwai dabara ta biyu, wadda a ganinmu ta fi ta farko ban sha'awa, ko da yake ta fi wuyar bayani da baki. Wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Holan, Rademaker da ter Braak, su suka fito da ita a 1935. Sun lura kyanwa ba a miƙe take juyawa ba, lanƙwashe bayanta take yi tukuna. Don a gane amfanin lanƙwasawar, a samu guntun tiyo irin wanda masu noman rani ke ban-ruwa da shi a fadamar Gulbin Zamfara. A ja layi da biro a tsawon bayansa. A lanƙwasa shi kamar baka, bakunansa biyu na kallonka, layin yana sama. Sai ka mirgina tiyon a hannunka har layin ya koma ƙasa, ba tare da ka warware lanƙwasar ba. Dubi bakunan biyu: ɗaya yana juyawa irin tafiyar hannun agogo, ɗayan yana juyawa akasin haka. Juyin ɗaya ya kashe na ɗayan, lissafi ya tashi babu komai, amma duk da haka saman tiyon ya koma ƙasa. Kyanwa ba ta iya ninkewa biyu cif, shi ya sa ɗan abin da ya rage takan biya shi da karkata dukan jikinta kaɗan ta ɗaya ɓangaren. A zahiri haɗa dabarun biyu take yi a lokaci guda, kuma kowace kyanwa da irin nata salon.

A 1969 wasu injiniyoyi biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, Thomas Kane da M. P. Scher, suka rubuta cikakken lissafin wannan lanƙwasa da murɗawa. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ita ta ɗauki nauyin aikin, kuma ba don son kyanwa ba. Ɗan sama jannatin da ke shawagi a inda babu nauyi yana cikin matsala iri ɗaya: yana son juyawa, babu abin da zai taka. Shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata ke nan, masana na koyon juyi daga dabbar da muke kora da tsintsiya idan ta leƙa tukunyar miya.

Wani zai ce ai jela ce sirrin. Mu ma da haka muka ɗauka. Amma akwai wani irin kyanwa a tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ailan, da ake haifa babu jela, kuma tana dira da ƙafafunta kamar kowace. Tsaka ce ke dogara da jela: idan ta suɓuce daga rufi takan kaɗa jelarta ne ta daidaita. Ita kyanwa ƙashin bayanta ne jarinta. Daga ƙarshen wuya zuwa ƙugu tana da gaɓoɓi 20, mu kuwa 17, kuma nata sun fi namu sassauci nesa ba kusa ba. Ƙashin nan da ke kwance tsakanin wuya da kafaɗa a jikinmu, a wajenta ɗan ƙarami ne da ke cikin tsoka, bai haɗu da sauran ƙasusuwa ba, shi ya sa kafaɗunta ke motsi yadda take so. Kuma ba koya mata ake yi ba. 'Ya'yan kyanwa kan fara nuna alamar juyin suna da mako 3 zuwa 4, su ƙware wajen mako na 7. Duk aikin kuwa bai kai rabin sakan ba. Kyanwar da ta faɗo daga tsayin mita 1 sakan 0.45 kawai gare ta a iska, kuma yana isar ta.

To idan haka ne, me ya sa mussarmu ta ji ciwo? A nan ne abokin ƙanenmu ya yi kuskure, kuma mutane da yawa suna yin irinsa. Juyawa daban, tsira daban. Juyin yana gyara yadda za ta sauka ne kawai, ba ya rage gudun da take faɗowa da shi. Mun auna soron da igiyar guga, ya kai kamar mita 4. Masu shirin jarrabawar WAEC da NECO su ɗauko biro: a ninka tsayin da 20, a nemi tushen abin da aka samu. 4 sau 20 ya ba da 80, tushensa ya kusa 9. Wato ta iso ƙasa da gudun kusan mita 9 a sakan, kimanin kilomita 32 a awa ke nan, gudun ɗan kabu-kabu a cikin gari. A ce babur mai wannan gudu ya yi karo da turmi.

Abin da ke taimakonta a wajen saukar shi ne rashin nauyi da kuma yadda take karɓar ƙasa. Takan baje ƙafafu, ta gantsare baya, da ta taɓa ƙasa kuma sai gaɓoɓin su lanƙwashe a hankali maimakon su sandare, kamar yadda mai tsaron gida ke ja da hannunsa baya idan ya cafe ƙwallo mai ƙarfi. Ƙaramin jiki kuma yana da wata riba: iska ta fi riƙe shi. Tururuwa za ta faɗo daga kan giginya ta ci gaba da tafiyarta, akuya ta faɗo daga nan ta karye, saniya kuwa sai dai a nemo mahauci. Idan faɗuwa ta yi nisa, akwai iyakar gudun da jiki ba ya wucewa saboda turjiyar iska. Na kyanwa ya kusa kilomita 100 a awa, na mutum kuwa ya kusa ninki biyun haka. Amma duk wannan taimako yana da iyaka. Idan gudun ya fi ƙarfin ƙafafu, sukan lanƙwashe har ƙirji da haɓa su bugi ƙasa. Shi ya sa raunin da aka fi gani a kyanwar da ta faɗo shi ne na huhu, da karayar muƙamuƙi ko haƙori, da tsagewar ganɗa, sai karayar ƙafa.

Akwai wani bincike da ake yawan ambata, kuma ana yawan karkatar da shi. A 1987 wasu likitocin dabbobi biyu a birnin Niyok na Amurka, Whitney da Mehlhaff, suka wallafa bayanin kyanwoyi 132 da aka kawo asibitinsu bayan sun faɗo daga dogayen benaye. Daga cikin waɗanda aka yi wa magani, kashi 90 cikin 100 sun rayu. Har da wadda ta faɗo daga hawa na 32 ta tashi da ɗan rauni a huhu da ɓallewar haƙori. Sun kuma lura raunin yana ƙaruwa har zuwa wajen hawa na 7, daga nan sai ya zama kamar yana raguwa. Suka yi hasashen cewa idan kyanwa ta kai iyakar gudunta takan saki jiki ta baje, hakan ya rage mata bugu.

Daga nan ne wasu suka ɗauko maganar cewa wai gara kyanwa ta faɗo daga nesa a kan ta faɗo daga kusa. Mu dai ba mu yarda da wannan ba, kuma dalilinmu mai sauƙi ne. Waɗanda aka ƙirga su ne waɗanda aka kai asibiti. Kyanwar da ta faɗo daga hawa na 20 ta mutu nan take, wa zai ɗauke ta ya kai wa likita? Ba ta shiga lissafi ba. Kamar mutum ya je tashar mota ne ya tambayi waɗanda suka sauka ko hanya lafiya, ya manta da waɗanda ba su iso ba. Kuma ko a cikin waɗanda aka ƙirga ɗin, kusan duka sun samu rauni a ƙirji, fiye da kashi ɗaya cikin uku kuma da ba a yi musu taimakon gaggawa ba da sun mutu. Wani binciken da aka wallafa a 2004 daga birnin Zagreb na ƙasar Kuroshiya, a kan kyanwoyi 119, ya samu cewa mafi munin rauni yana wajen waɗanda suka faɗo daga hawa na 7 zuwa sama. Turawan Ingila kan ce kyanwa rai tara gare ta, Larabawa su ce bakwai. Likitocin da suka ɗinke su ba su ga ko na biyu ba.

Mu koma ƙarƙashin rumbu. Sai bayan magariba muka iya fito da ita, muka lulluɓe ta da tsohon zane saboda dabbar da ke jin ciwo tana cizon ko mai ba ta abinci, muka sa ta a kwali. Inna ta tausaya mata ta ɗauko ƙwayar farasitamol za ta daka mata a nono. Allah Ya sa muka ce a dakata a tambaya. Da safe muka kira wani ma'aikacin lafiyar dabbobi da ke unguwarmu, wanda aikinsa ya fi yawa a kan shanu da awaki. Da ya ji zancen ƙwayar sai ya riƙe baki.

"Hajiya, da kin ba ta, da ba ni za ku kira ba yau. Hantar mussa ba ta iya narka shi. Ƙwaya ɗaya tana kashe ta."

Wannan gaskiya ne, kuma muna roƙon duk wanda ya karanta ya gaya wa na gida: maganin ciwon kai na mutane guba ne ga kyanwa. Ya duba ta, ya ce ƙafar ta karye a ƙasan gwiwa, haƙori ɗaya ya fita, haɓa ta tsage, amma numfashinta daidai yake, wanda shi ne abin da ya fi tsoro. Ya ce idan kyanwa ta faɗo, ko da ta tashi ta gudu, a lura da ita kwana biyu: numfashi da sauri ko da baki buɗe, jini ta hanci, ƙin cin abinci, ɓuya a lungu, duk alamun ciwo ne a ciki, don dabba ce mai ɓoye ciwonta. Ya ɗaure ƙafar da 'yan karare da bandeji. Hoton ƙashi kuwa sai an je babban wuri, irin asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, abin da ba mu da halin yi.

Kaka ba ta san Marey ba, ba ta kuma damu da tiyo da gorar ruwa ba. Ita abin da ta zaunar da yaran ta tuna musu shi ne hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Baba kuwa ta wata fuskar ya duba, domin ba a yi mako biyu ba ɓeraye suka gane mai gadi na jinya. Suka huda buhun shinkafa biyu, muka riƙa jin gudunsu a cikin rufi da dare. Ba ƙaramin abu ba ne, tunda ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, kuma ajiye kyanwa a gida yana cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa don kauce masa. Aka yanke wa ƙanen namu hukuncin cewa shi zai riƙa ba ta abinci da share mata kwali har ta warke, kuɗin bandeji kuma daga asusunsa.

Wata rana yana ba ta kifi sai ya ɗago ya tambaye mu: "Yaya, tunda ta iya juyawa a iska, don me ba ta kauce wa turmin ba?"

Mun ji daɗin tambayar fiye da duk waɗanda aka yi mana a jarrabawar zangon da ya wuce. Amsar tana cikin kujerar askin nan. Da hannayenka da gorunanka za ka iya juya kujerar ta kalli duk inda kake so, amma ba za ka iya matsar da ita ko taku ɗaya zuwa ƙofa ba sai ka taka ƙasa. Haka kyanwa: tana iya sauya inda cikinta ke kallo, amma hanyar da tsakiyar nauyinta zai bi an riga an yanke ta tun lokacin da aka sake ta. Ta ga turmin sarai, ta miƙa masa ƙafafu, iyakar abin da take iya yi ke nan. Ya yi shiru, sannan ya ce a ara masa littafinmu na Fiziks. Mun ba shi na aji 1 na babbar sakandare, don namu na jami'a mu ma bai gama shiga kanmu ba.

Ana saura kwana uku mu koma makaranta aka kwance mata ɗaurin. Ƙafar ta haɗu amma ta ɗan karkace, tana ɗingishi idan ta tashi daga barci. Ta koma hawa rumbu, har ta kama ɓera ɗaya ta ajiye a ƙofar ɗakin Kaka. Soro dai ba ta ƙara hawa ba, Baba ma ya sa an cire tsanin an kai shi bayan gida. Idan ƙanenmu ya kawo mata kan kifi ba ta karɓa daga hannunsa. Sai ya ajiye a ƙasa, ya ja da baya har bakin zaure, sannan take fitowa ta ɗauka.